Makullin mota da ranar su

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Tibiri, cikin fadamar nan da takardu ke kira Dallol Mawri. Yau labarin makullin mota zan ba ku, wanda wasu ke ce ma lakile. Abin ya faru a gidanmu, kuma da hannuna a ciki.

Mota ɗaya gare mu a gari. Ta taubashina ce, ɗan gwaggona. Tsohuwar Toyota ce daga Turai. Ta sauka Kwatano cikin 2019, ta biyo hanyar Gaya. Ita ke kai mu kasuwar Kore Mairuwa da ta Dutsi. Ita ke ɗaukar mara lafiya in dare ya yi. Da makulli ɗaya tak anka sayar mashi da ita. Kowa ya san haka, ba wanda ya damu.

Muna da tabki yamma da gari. In ruwa ya ja baya, sai manya su sa ranar su. Maza su shiga da homa da gora, yara su yi tseren iyo, mata su tsaya baki suna guɗa. Waɗanda sunka je Argungu, can ƙasar Kabi, sun ga babbansa a gulbin Matan Fada. Tun 1934 ake wannan taro. Can har da tseren jirgi da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. Namu ƙarami ne, amma ba mu yarda ya wuce mu.

Cikin watan Maris na 2023 anka yi su. Taubashina ya kawo tsofaffi da mota, ya rufe ta, ya zauna gindin gawo shina kallo. Ni ne na tsokane shi. Na ce, "Kai direban tudu, tsoron ruwa kake, ko tarwaɗa ce ta fi ƙarfinka?" Mutane sunka yi dariya. Ya ce, "Bawana, yau za ka ga aiki." Ya tuɓe riga, ya faɗa ruwa da wandonshi. Makulli shina cikin aljihun wando.

Ya kama tarwaɗa 2 manya. Da la'asar ya fito, ya sa hannu aljihu, babu komi.

Munka koma cikin laka muna lalube har magariba. Ƙafafu sun riga sun dama ta duk yini. Yara sunka ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo, sunka ɗaure da igiya suna ja. Ƙusoshi da marfin gwangwani kaɗai sunka samu. Daga baya na ji cewa yawancin makullan mota da tagulla ake gauraya su, mayen ƙarfe ba ya kama su. Munka ce a bari sai da safe.

A daren nan naƙuda ta kama matar ƙanena. Cikinta na fari ne. Wajen tsakar dare ungozoma ta fito ta ce, "Ɗana, wanga ya fi hannuna. Ku kai ta likita yanzu." Na ce, "To, Inna." Munka ruga bakin tabki da fitila. Munka fasa ƙaramin gilashi, munka buɗe mota. Akwai wani saurayi da ya taɓa zama gareji a Dosso. Ya ce zai haɗa waya, kamar yadda ake yi ma tsohuwar 504. Ya haɗa. Inji ya yi ta juyawa, bai kama ba. Ya sake, ya sake, har batir ya fara sanyi.

Ba ta iya zama bisa moto. Sai munka ɗaura shanu ga amalanke, munka shimfiɗa mata katifa. Kun san rairayin fadama. Hanyar da mota ke ci cikin rabin awa, ba mu gama ta ba sai da anka kira asalatu. Ma'aikatan likita na Tibiri sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sunka tura ta babban asibiti na Dutsi da motarsu. Ita ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Rai na Allah ne. Ƙanena bai taɓa ɗora mani laifi ba. Amma ni na san wanda ya yi tsokana gindin gawo.

Mota ta yi kwana 19 bakin tabki, yara na gadinta. Sai da anka kira wani mai gyaran makulli daga Yamai, ya zo da kwamfuta. Taubashina ya sayar da raguna 2 kafin ya biya shi. Na zauna kusa da mutumin duk yini ina tambaya, ina rubutawa cikin littafina. Ga abin da na gane.

Makullin mota iri uku ne. Na farko ƙarfe ne zalla, irin na tsofaffin motoci da na moto. Ruwa ba ya yi mashi komi. Na biyu shina da baƙin kai na roba. Cikin kan akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Ba shi da pil. In ka sa makulli, mota na tambayarshi lamba, shi kuma shi ba ta. In lamba ba ta yi daidai ba, mota ta hana inji mai da wuta. Don ɓarayi anka yi haka, kuma tun 1998 doka ta tilasta sa shi cikin sabbin motocin Turai. Shi ya sa wayar saurayin nan ba ta yi aiki ba. Na uku shi ne mai maɓalli, wanda ake dannawa ƙofa ta buɗe daga nesa. Shina da pil ƙarami mai kama da kwabo. Shi ne ruwa ke kashewa. In ya jiƙe, kada ka danna. Ka buɗe shi, ka cire pil, ka wanke lakar da ruwa mai tsabta, ka shanya cikin inuwa kwana 2.

Ya ce mana kuma, yin na biyu tun na farko na hannu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In duka sun ɓace, sai an shiga ƙwaƙwalwar motar, nan kuɗi ke tafiya.

Sai na tambaye shi, to mai mota ya daina shiga ruwa ke nan? Ya yi dariya. Ya ce a bakin teku, a Dakar da Faransa da Amurka, akwai masu wasan hawan igiyar ruwa bisa allo. Su ma da mota suke zuwa, su yini cikin ruwa. Dabararsu ita ce su sa a yanka masu makulli na ƙarfe zalla, ba roba, ba pil. Ba ya tada inji, ƙofa kaɗai yake buɗewa. Su ɓoye na ainihi cikin mota, su rufe da na ƙarfen, su rataya shi a wuya. In ya ɓace, asarar kaɗan ce, kuma wanda ya tsince shi bai san motar ba. Ya ja kunnenmu da abu ɗaya. Sabbin motocin da ake tayarwa da danna maɓalli, wasunsu ba su yarda su rufu in makullinsu na ciki. Mai irin wannan ya gwada a gida tukuna.

Haka munka yi. Yanzu makulli 3 gare mu. Na ƙarfen, baduku ya yi mashi igiyar fata mai ƙarfi, irin ta laya, gajera, yadda ba ta zamewa ta kai. Wasu na ɗaure nasu cikin leda su sa aljihu. Leda na hana jiƙa, amma namu ba jiƙa ya yi ba, faɗuwa ya yi.

Na biyu mai baƙin kai ba ya shiga mota ko kaɗan. Munka yi gardama kan inda za a aje shi. Taubashina ya so ya ba matarshi. Tsofaffi sunka ce a'a, mota ta gari ce in ciwo ya zo, a sa shi inda kowa ya sani. Sai anka sa shi cikin akwatin makarantarmu, tare da alli da littafin kiran suna. Mutum 3 ne ke iya buɗe akwatin: ni, da maigari, da ungozoma. Ta shiga karatu cikin 2024, tana da shekara fiye da 60. Ita ta rubuta MOTA da hannunta bisa takardar da munka naɗe shi ciki.

Ranar su ta 2024 taubashina ya shiga ruwa da igiyarshi a wuya. Ni ban shiga ba. Na zauna gindin gawo ina riƙe da rigunan mutane.