Muzen Yamai: inda yaro ke fara gamuwa da namun dawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk mai son tabbatar da gaskiyar wannan magana, to ya tsaya da hantsin wata lahadi a ƙofar Muzen ƙasa na Bubu Hama, cikin tsakiyar birnin Yamai, ba nisa da gadar Kenedi. Zai ga ƴan lakwal sun jeru biyu-biyu bayan mushensu, zai ga almajirai rataye da robobinsu, zai kuma ga ɗan kasuwar da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram don sarin kaya, ya ware rabin yini ya riƙo hannun ɗansa. Manya kan so su dakata a rumfunan maƙeran azurfa da dukawa, amma yara ba su yarda. Gaba suke ja, can inda rurin zaki ke fitowa.

An kafa wannan gida a shekarar 1959, wato shekara guda kafin ƙasa ta samu mulkin kai, bisa himmar marigayi Bubu Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokoki, tare da wani Bature mai suna Pablo Tuse wanda ya zama daraktansa na farko. Filinsa ya kai hekta 24. Akwai ɗakuna masu farin fenti da shuɗi inda aka ajiye tufafin gargajiya da kayan kiɗa da makamai, akwai bukkoki da tantuna irin na ƙabilun ƙasa, sa'an nan akwai kejunan dabbobi a ƙarƙashin inuwar itatuwa: zaki, kura, birai, kada, dorina, kunkuru, jimina da tsuntsaye iri-iri.

Keji na nuna jiki, yana ɓoye gida

Yaron da ya tsaya gaban kejin kura ba baƙonta ba ne. Ya san ta tun a tatsuniya, ya san kwaɗayinta da wautarta da yadda Gizo ke yi mata dabara. Sai dai kakansa ya san ta ta wata hanya dabam: ya ji kukanta da dare a bayan gari, ya ga sawunta da safe kusa da garke. Tsakanin kaka da jika dawa ta ja da baya. Gonaki sun cinye saura, gatari ya bi itatuwa, farin 1973 da na 1984 sun yi tasu ɓarna, bindiga ta ƙarasa abin da ya rage. Yau ɗan birni ya fi ganin dabbobin ƙasashen nesa a tele da salula bisa ga na ƙasarsa, kuma ko su ɗin hoto ne kawai ke wucewa, ba ya sanin ina suke ko me ya sa halittarsu ta zama haka.

Shi ya sa ziyarar Muze ke da daraja, amma fa tana da iyakarta. Keji, ko a wace ƙasa yake, yana nuna jikin dabba ne, yana ɓoye gidanta. Zakin da ke kai da komo tsakanin ƙarafa bai faɗa wa yaro komai ba game da doguwar ciyawa, da garken ɓauna, da mashaya. Sau da yawa yaro da kansa ne ke gane akwai abin da ya rage, sai ya ɗaga kai ya ce: «Baba, shi ina ne garinsu?» Uban da ya iya amsa wannan tambaya ya ba ɗansa abin da ya fi kuɗin shiga nesa ba kusa ba.

Ga zaki, amsar tana kudu da Yamai, a gandun dajin W, inda kogin Isa ya yi lanƙwasa irin ta wannan baƙi na boko. An mai da shi gandun ƙasa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Wata ƙidaya da aka bayyana a 2014 ta nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba, mafi yawansu kuwa a wannan daji ne da maƙwabtansa na Arli a Burkina Faso da Panjari a Benin. Rashin tsaro na shekarun nan ya sa kai yara can ya yi wuya. Ga dorina kuwa, amsar tana cikin kogin da ke bayan gari, har zuwa Ayoru: fatarta ba ta jure rana, don haka take wuni cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, wani lokaci ta faɗa cikin shinkafar manoma. Yaron da ya ji wannan ya fahimci dalilin tafkin da aka gina mata, ya kuma fahimci dalilin fushin manomi.

Daga na gida zuwa na nesa

Ba a ajiye dabbobin ƙasar ƙanƙara a Yamai ba, kuma ba za su rayu cikin zafin watan Afrilu ba. Duk da haka, daga inuwar Muze ana iya zagaya duniya da yaro, in dai an fara da abin da ya sani aka ɗora masa wanda bai sani ba.

A ɗauki yanyawa, ƴar ƙaramar dabbar nan ta rairayin Sahara mai manyan kunnuwa. Kunnuwan nan ba ado ba ne: da su take jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin rairayi, ta cikinsu kuma zafin jikinta ke fita. Tana da ƴar'uwa can ƙuryar arewacin duniya, a Kanada da Siberiya, wadda gashinta ke komawa fari fat da hunturu. Ita kuma kunnuwanta ƙanana ne ƙwarai, domin abin da take tsoro shi ne ɗumin jikinta ya tsere. Dangi ɗaya ne, amma mazauni ya bambanta su. Yaron da ya riƙe wannan misali ya samu mabuɗin sauran duka.

Ɗan da ya tashi yana ganin ayarin gishiri ya san raƙumi da tozo ɗaya. To a gaya masa akwai wata hamada a Mongoliya da Sin, ana ce mata Gobi, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Raƙuminta tozo biyu gare shi, da gashi mai kauri da yake zubarwa in zafi ya zo. A tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu kuma akwai danginsu marar tozo sam, lama, wadda ke ɗaukar kaya a hanyoyin dutse. A gyara masa kuskuren da har manya ke yi: kitse ne cikin tozo, ba ruwa ba.

Gaban kejin jimina, sai a ba shi labarin wani tsuntsun da shi ma ba ya tashi sama, wanda littattafan lakwal ke kira mansho, mazaunin Antarktika a ƙarshen kudancin duniya. Jimina gudu ta iya, shi kuwa ninƙaya. Namijin jimina ne ke kwanciya kan ƙwai da dare. Namijin babban mansho kuwa ɗora ƙwan yake bisa ƙafafunsa, ya rufe shi da fatar cikinsa, ya tsaya haka wajen wata biyu ba ci, cikin sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, har macen ta komo daga teku. Yarinyar da ke goyon ƙanenta kuwa ba za ta manta da kanguru ta Ostiraliya ba, wadda ke haihuwar ɗa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta goya shi wata da watanni cikin wata jaka da ke gaban cikinta.

Akwai ma matafiyiyar da ke haɗa ƙofar gida da nesa ba tare da littafi ba, wato shamuwa. Kowane yaron karkara ya san zuwanta albishirin damina ne, ya ga sheƙarta bisa iccen tsakar gari. Kaɗan ne suka san inda take zuwa bayan kaka. Ƙetare tsakiyar Afirka take yi, ta bi ruwan sama zuwa gabashi da kudancin nahiyar, wajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, tana cin fara da tsutsa, kafin ta juyo. Ɗan ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani: ita ma fatauci take yi, ta san lokacin kowace kasuwa.

Ƙasusuwa da busasshen icce

Kafin a fita, ya kamata a ja yaro zuwa wurare biyu da ba a jin ruri ko kuka. Na farko shi ne rumfar ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa, cikin hamada gabas da Agadas, inda wani masani Bafaranshe, Filip Take, ya yi aiki tun daga tsakiyar shekarun 1960. Nan ne ƙwarangwal ɗin wani kada na zamanin da, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 10, da na wata ƙatuwar dabba mai cin ganye da aka laƙaba wa sunan Nijar. Masana sun ce sun rayu shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da manyan koguna ke gudana inda yau babu sai rairayi. Ba sai an koma nesa haka ba ma: a Dabus, kan hanyar Arlit, mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka shige sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Sun zana abin da idonsu ke gani ne.

Na biyu shi ne Iccen Tenere. Shekaru da yawa yana tsaye shi kaɗai, babu wani icce kusa da shi har tafiyar ɗaruruwan kilomita, ayari na sa shi alamar hanya. Da aka gina rijiya a gefensa, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta banke shi, aka ɗauko gawarsa zuwa Yamai. Darasin wuraren nan biyu ɗaya ne: mazauni ba ya dawwama. Wani sauyin yakan ɗauki dubban shekaru, wani kuwa sakacin mutum guda ya ishe shi.

Amma ba a barin yaro da baƙin labari kaɗai. Mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, ya ƙare ƙaf a dawa, aka tabbatar da haka a shekarar 2000. Da waɗanda aka adana a gidajen dabbobi da garkunan ƙetare aka sake sakin shi a Cadi daga 2016, ya kuma hayayyafa. Nan keji ya biya bashinsa. Danginsa da ake kira adaks yana nan a Termit da Tin-Tumma, yankin da aka keɓe a 2012, sai dai waɗanda suka rage a dawa ba su kai 100 ba.

Kure, a bakin hanyar kowa

Babban misali yana kan hanyar da duk mai zuwa Yamai daga Tawa, Maraɗi ko Damagaram ke bi. Wajen kilomita 60 kafin babban birni, tsakanin Doso da Yamai, akwai Kure, mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A da irinsu ya bazu daga Senegal har tafkin Cadi. A 1996 saura 49 kacal. Da aka hana farauta, aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin aikin tsaro da jagorancin baƙi, yawansu ya haura 600. Ba shinge, ba keji: da damina suna kan tudu cikin kurmin geza, da rani su gangaro Dallol Boso suna cin ganyen gawo, wani lokaci su taɓa waken manomi ko mangwaronsa. A 2018 an ɗauki 8 daga cikinsu zuwa gandun Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda aka daina ganin su tun shekarun fari. Harin watan Agusta na 2020, wanda ya ci rayukan Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, ya durƙusar da ziyara, don haka mai niyyar shiga dajin sai ya fara tuntuɓar hukuma. Amma matafiyi mai sa'a yakan hango dogon wuya bisa kan itatuwa tun daga tagar mota. Wanda ke tafe da yaro, ya tashe shi daga barci in an kusa Kure.

Ba a bukatar jirgin sama ko tsadadden littafi don wannan karatu. Taswirar duniya ta bangon aji ta isa, tare da tambayoyi uku da za a saba wa yaro da su gaban kowace dabba, ta keji ce ko ta hoto: ina take zaune, me take ci, me zai kore ta daga can? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yaran nan da ke cunkuso gaban kejin zaki akwai wanda gobe zai sa hannu a takardar izinin saran daji, akwai wanda zai yi fataucin icce da gawayi, akwai direban da zai ratsa Kure da dare. Abin da aka gaya musu yau a inuwar Muze shi zai sa su taka birki, ko kuwa su wuce.