Ranar Da Na Durƙusar Da Motata

Ku yi mini afuwa, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin kaina ne, don an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Ni dai ina haya ne a wani ɗan sashe na bayan gida a Nassarawa GRA, irin wanda aka gina wa masu aiki tun da can. Wanda ya san unguwar ya san yadda yammacinta yake. Da an yi la'asar sai 'ya'yan masu hali su fito, wasu ta Ahmadu Bello Way, wasu ta Sultan Road, motocinsu a lafe da ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse, taya ta shige jikin mota har ka rantse ba za ta juya ba. Na fi shekara 20 ina saka jaruman littattafaina a irin waɗannan motoci, ni kuwa ko leƙa cikinsu ban taɓa yi ba.

A 2022 Allah Ya sa na sayar wa masu fim wani labari, na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi Honda Accord ƙirar 2003 'yar Kwatano, wadda ake wa laƙabi da End of Discussion. Mota lafiya lau, amma duk lokacin da na ajiye ta kusa da ta yaran nan sai in ga tawa ta yi tsayi kamar mai tsoron taka ruwa. Da furfurata a gemu, sai ga ni gaban bakanikena ina cewa a sauke mini ita ƙasa.

Dattijo ne, a kan Fijo 504 ya koyi aiki, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Malam marubuci, a zamaninmu ɗaga mota ake kawo mana, yau kuma kai durƙusar da ita kake so?"

Duk da haka bai ɓoye mini komai ba. Ya ce hanya uku ce. Ta farko a yanke sifirin, wannan kusan kyauta ne, sai dai yankakken sifirin tauri yake ƙarawa, da wuya dama da hagu su zo daidai, kuma in taya ta faɗa rami yana iya zamewa daga mazauninsa. Ta biyu a sayo gajeren sifirin da aka ƙera don motar, irin na Eibach na Jamus, wanda yake sauke ta inci 1 zuwa 1 da rabi. Amma tsohuwar shokazoba ba a yi ta don wannan tsayin ba, ba za ta jima ba za ta fara yoyon mai, don haka sai an haɗa da sabuwa da ta dace da shi. Ta uku kuwa cikakken saiti ne mai zare, sifirin da shokazoba a haɗe, ka murɗa ta sauka, ka murɗa ta hau, irin na Tein na Japan ko BC Racing na Taiwan. Ya ce, "Na gaskiyar tsada, mai arahar kuwa ko dai ba shi da suna, ko sunan aro ne a jikin kwalinsa."

Sannan ya ɗauko abin awo ya tsuguna. Tsakanin cikin motar da ƙasa wajen inci 6 ne. Ya ce, "Cire 2, saura 4. Zuba mutum huɗu da buhun shinkafa, sannan ka gaya mini nawa ya rage."

Wallahi na ji shi sarai, amma wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Lokacin tsakiyar 2023 ne, an cire tallafin mai a watan Mayu, naira ta faɗi a Yuni, duk wani abu da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Na zaga Ƙofar Ruwa, na ji kuɗin na gaske na yi shiru. Daga baya wani ya kawo mini mai zare har gida, ja jawur yana ƙyalli, a kashi ɗaya cikin uku na wancan kuɗin. Ban tambayi ko na wace mota ba ne, ban tambayi ko za a karɓa in ya ƙi ba. Kunyar dattijon nan ta sa na kai wa wani yaro ya ɗaura, na ce ya murɗa har ƙasa. Saitin ƙafa ma da ya kamata a yi bayan nan na ce sai wani jiƙon.

Mako biyu ina jin daɗi. Yaran unguwa har ɗaga mini hannu suke yi. Daga nan sai motar ta fara tsalle kamar ɗan akuya, tayoyin gaba suka fara cinyewa ta ciki, duk tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, salansa tana gurzar ƙasa. Uwargida kuwa sai ta sauka a bakin ƙofa kafin in iya shiga gida. Ta ce, "Abban yara, motar ce ba ta da lafiya ko mu ne muka yi nauyi?"

A watan Agusta, ana tsakiyar damina, na tafi ƙauyenmu bayan Bichi don in ɗauko Inna, tana da ganin likita a asibitin Nassarawa saboda ciwon baya. Hanyar burji ce, ruwa ya zaizaye ta. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ta ce "wash" a hankali don kada in ji. Saura kaɗan mu hau kwalta sai na ji ƙum! Dutse ya huda kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, jar fitila ta kama, na kashe motar nan take.

Allah Sarki Inna. Awa uku tana zaune a kan tabarmar aro a gindin darbejiya, ni ina ta buga waya ina neman janwe. Layin likita ya wuce mu, sai bayan mako biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallon motar kawai ta yi ta ce, "Kai ɗan nan, da ka fara zuwa da ita ai a tsaye take. Wa ya karya mata ƙafa?"

Na rasa amsa. Kuɗin janwe, da gyaran kasko, da tayoyi biyu, da na lissafa sai na ga sun kusa kamo kuɗin na gasken da na guda. Araha dai ba ta ado.

Ba cewa nake kada kowa ya sauke motarsa ba. In ranka yana so, ka fara tuna hanyar da take bi da mutanen da take ɗauka, ba titin da ake kallonka ba. Ka sayi wanda aka yi don ƙirar motarka da shekararta, ka duba shokazoba a bushe take ba ta jiƙe da mai ba, ka yi sharaɗin mayarwa da mai kaya, kada ka wuce inci 1, ka yi saitin ƙafa a ranar. In kuɗinka bai kai na gaske ba, ka bar ta yadda masu ita suka yi ta.

Abin da ya cece ni, ashe uwargida ta hana yara sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin kayan ƙafar, ta ɓoye su a bayan ɗakin girki. Na kwashe su na koma wurin dattijon nan ina sunkuyar da kai. Bai ce mini komai ba sai, "Sannu da zuwa, Malam." Ranar da na sake zuwa ɗauko Inna, tun kafin mu kai Dawanau ta yi barci a kujerar baya.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya kai mu.