Fuskar da na gada



Ina shekara 14 ƙuraje suka feso mini. Ba irin ƙananan nan na balaga masu fitowa su baje ba. Manya ne masu zurfi, a haɓa da kumatu, suna zogi kamar maruru, har ba na iya ɗora fuskata a kan filo. Nan take kowa a gidanmu ya zama likita. Inna ta hana ni gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yayata ta ce ƙazanta ce, sai na koma dirje fuska da sabulun salo sau biyar a rana. Na shafa makilin, na shafa lemon tsami. Wata ƙawata ta ba ni man bilicin, fuskar ta yi luf na sati biyu, sannan ƙurajen suka dawo ninki.

Sai da na kai shekara 19 na ga likitar fata. Abin da ta fara tambayata shi ne, "A gidanku wa ya yi irin waɗannan?" Na ce babu. Da na koma gida na tarar da Baba yana alwala, idona ya sauka a kan ramukan da ke kumatunsa. Tun ina ƙarama nake ganin su, ban taɓa tambayar mafarinsu ba. Na durƙusa na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce, "Ke ma kin ɗauko ke nan. Gwaggonki ma haka ta sha."

Ga bayanin da likitar ta yi mini. Da balaga jiki na ƙara fitar da sinadaran homon da ake kira androjin, mace da namiji duk suna da su. Su ke sa fata ta yawaita maiƙo. Maiƙon da matacciyar fata su toshe ramin gashi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura. Yadda fatar mutum ke amsa wa waɗannan sinadarai kuwa, galibi gado ne. Wani bincike da aka yi kan tagwaye mata a Ingila, aka wallafa a 2002, ya danganta kusan kashi 81 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane ga ƙwayoyin halitta. Ta kuma tambaye ni ko al'adata na zuwa daidai, domin ƙuraje masu naci tare da rikicewar al'ada kan nuna matsalar homon daga ƙwan mace.

Na yi watanni ina shan magani, ƙurajen suka lafa. Tabon dai yana nan, kuma yawancinsa na shekaru biyar ɗin da na ɓata ina zargin kaina ne.

Abin da ya sa na kawo wannan zauren: a labaran da muke turowa, jaruma kullum fuskarta sumul, mai ƙuraje kuwa ita ce ƙazama ko muguwar kishiya. Ni ma na taɓa rubuta haka. Yanzu idan hannuna ya nufi wajen, sai in tuna akwai 'yar shekara 14 da za ta karanta, ta tashi ta ɗauko sabulu.