Abin da Harshen Abure Ya Yi wa Kunnena

Na daɗe ina ganin gazawar ɗaliban da ke kasa bambance "gari" na mazauna da "gari" na tuwo, alhali tsawon wasali ne kawai ya raba su. A ganina sakaci ne. Ban sauya ra'ayi ba sai da na bar Abijan na yi 'yan makonni a Bonuwa, garin abarba da ke kudu maso gabashin Kwaddibuwa, kusa da Gran-Basam. Nan ne ƙasar al'ummar Abure, masu harshe daga rukunin Kwa, dangin Baule da Akan.

Baƙaƙen ne suka fara kayar da ni. Suna da "kp" da "gb", kuma kowannensu sauti ɗaya ne: leɓɓa su haɗe, doron harshe ya taɓa hanɗa, a sake su lokaci guda. Ni kuwa bakina "kw" da "gw" ya sani, su nake ta miƙawa, yara suna dariya. Wannan dai da sauƙi, domin ina jin kuskurena da kaina.

Wasulan ne babbar matsalar. Hausa tana da biyar, gajeru da dogaye, sai tagwayen "ai" da "au". Abure yana da tara. Inda muke da "e" guda, su biyu gare su. Haka "o", haka "i" da "u". Abin da ke raba su shi ne tushen harshe: ko a turo shi gaba maƙogwaro ya buɗe, ko a bar shi baya. Wasulan sun kasu gida biyu ke nan, kuma galibi kalma takan ɗebi nata daga gida ɗaya, abin da masana ke kira jituwar wasula.

Wani dattijo ya maimaita mini kalmomi biyu har sau shida. Na rantse masa abu ɗaya yake faɗa. Ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibaina.

Karin sauti ne kaɗai bai ba ni tsoro ba, tunda Bahaushe da shi ya tashi. Sai dai ko a nan sabo ya yaudare ni, don nakan ɗora wa kalmarsu karin Hausa ban sani ba.

Da na koma aji, na daina cewa ɗalibi ya maimaita "gari" tun ranar farko. Nakan furta kalmomin biyu, shi kuwa ya nuna hoton birni ko na kwanon gari, har mako guda kafin ya buɗe baki.