Kat-kat ba ta taka wa kowa birki

Gaisuwa daga Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, garin da ƴan Nijar suke da yawa.

Mu huɗu ne muke haɗa mota ɗaya zuwa aiki da asuba, wata tsohuwar Toyota Tacoma, kamar dai Hilux ɗin da kuka sani. Mai tuƙa mu ya yi shekaru yana bin hanyar Tahoua zuwa Agadez, don haka in ya kama sitiyari barcinmu muke yi.

Sanyin nan ba irin na Kanada ba ne, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni. Nan ruwa ne ke sauka da dare, sanyi ya kai digiri 0, ya daskare. Da safe sai ka ga kwalta a bushe, ka yi gaba kaɗan ka tarar da ƙanƙara siririya mai kamar jiƙa, galibi a inuwar itatuwa da kan gada. Gada ce ke fara daskarewa, don iska mai sanyi na bin ta sama da ƙasa.

Motarmu irin wadda ake sa wa kat-kat da hannu ce: 2H, 4H, 4L. In ka sa 4H, tayoyin gaba da na baya sun ɗaure ke nan, dole su juya tare. To a kwana na gaba sun fi na baya yin nisa. Cikin rairayi ba komai, taya na ɗan zamewa ta huce. A busasshiyar kwalta kuwa ba wurin zamewa: sitiyari ya yi tauri, mota ta riƙa tsalle, ƙarafan ƙasa su ci wuya. In kuma ka bar ta a 2H, bayan motar ba nauyi, da ya taɓa ƙanƙara sai ya yi gefe.

Wata safiyar Janairu muka matsa wa direbanmu: "Malam, sa kat-kat mu tafi, mun makara!" Ya sa. Mota ta tashi lafiya lau, muka saki jiki, ya ƙara wuta. A kan gada motar gabanmu ta rage gudu, ya taka birki, tamu ta ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa ta ba. Ƙarfen gefen gada ne ya tare mu. Fitila ta fashe, ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Laifin namu ne gaba ɗaya. Kat-kat na taimakon mota ta tashi, amma wajen tsayawa ba ta fi ƙaramar mota da komai ba, kowace da tayoyi huɗu take birki.

Yanzu mun gyara. Muna fita da wuri. Muna sa 4H in hanya ta rufe da ƙanƙara, mu cire da zarar kwalta ta bushe, musamman kafin kwana. Muna sassautawa tun kafin gada, mu bar tazara mai yawa. Mun kuma ɗora buhunan rairayi a baya don nauyi. Ku ji fa, mu ƴan Damagaram da Maradi, da dala muka sayi rairayi a kanti!

Ƙannenmu masu shirin zuwa, ƙwarewar hamada daban, ta ƙanƙara daban. In kun iso ku tambayi waɗanda kuka tarar. Allah ya tsare mu da ku a kan hanya, amin.