Akawun Alhaji a bakin teku

Tun shekarar 2021 wani saurayi ɗan Maraɗi yake zaune a Kwatano, cikin wani gidan haya na unguwar Fijorose, inda in dare ya tsala ana jin teku tana dukan gaɓa. Akawu ne na wani Alhaji mai odar shinkafa da man girki. Da fari aikinsa a tashar jiragen ruwa yake: ya bi takardun duwan, ya tsaya a kan ƴan tiranzit har kaya su fito, ya ga an ɗaure tamfol bisa kamiyo, sa'an nan ya kira maigidansa ya shaida masa an kama hanyar Paraku da Malanbil.

Gidan ɗaki 4 ne, da falo ɗaya da madafa ɗaya, amma kowa da inda abincinsa yake fitowa. Akwai ɗan Kamaru mai yi wa wani kamfanin Kanada aikin ordinata, wanda ba ya kama aiki sai bayan azahar, ya kai tsakar dare, domin a lokacin ne iyayen gidansa suke biro. Akwai wata Baturiya mai fassarar littattafai, da takan gudo wa sanyin Faransa a Nuwamba ta koma a Afrilu. Na huɗun ɗalibi ne ɗan ƙasa. Baturiyar da yuro ake biyanta, yuro kuwa ɗaure yake da sefa, kowane ɗaya kusan 656, wato dala 131 da ɗoriya. Kuɗin hayar da akawu yake juyi a kansa har tsakiyar wata, ita ba ta ko tayawa. Mai gidan ya lura da haka, kuma ba wawa ba ne. Da shekara ta zagayo ya ƙara wa kowa.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. Ranar da akawu ya buɗe firigo ya tarar da naman alade kusa da robar furarsa, bai ce uffan ba. Ya tafi kasuwa ya sayo tukunyarsa da cokalinsa, ya roƙi a bar masa hawa na sama shi kaɗai, aka bar masa. Rigimar da ta fi zafi ta kuran ce, domin wutar gidan sai an zuba kuɗi tukuna, na'urar sanyaya ɗakin Baturiya kuma tana lashe na mako cikin kwana 3. Daga ƙarshe aka rataye kaye a ƙusa, aka naɗa shi mai rubuta abin da kowa ya zuba. Ashe ko a gidan haya akawu ba ya hutawa. Ita ma iskar teku ba ta raga masa ba: kilishin da aka aiko masa ya yi furfura kafin ya kai rabi, babbar rigarsa ta Juma'a ta ɗauki warin raɓa cikin akwati, ƙusoshin ordinata suka soma tsatsa.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai. Bayan kwana 4 ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, kamiyoyi suka yi dogon layi a Malanbil, wasu kayan suka lalace a cikinsu. A Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, amma Nijar ba ta buɗe nata gefen gadar Gaya ba. Alhaji, kamar sauran ƴan kasuwa, ya juya odarsa zuwa Lome, daga can kaya su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, a ayari, da rakiyar soja.

Akawu bai tashi ba. Ya riga ya zuba kuɗin ajiyar ɗaki, Alhaji kuma ya samu ɗan tiranzit a Lome. Tun daga nan aikinsa ya koma kan teburin falo, kusa da akwatin intanet. Takardun jirgi da faktir suna zuwa ta WhatsApp, ya duba, ya lissafa, ya aika Maraɗi. Lome tana bayan Kwatano da awa ɗaya, saboda haka yakan riga mutanen can zama. Shinkafar da yake ƙirga buhunanta kuwa, rabonsa da ya taɓa ko ɗaya da hannunsa har ya manta.

Cikin wannan hali matarsa ta haihu. Ranar suna ya sa babbar rigar nan mai warin raɓa, ya zauna shi kaɗai a ɗaki, ƙanensa yana riƙe masa salula a ƙofar gidansu. Ya ga rago, ya ga tire na goro, ya ga kawunansa bisa tabarma. Liman na ɗaga hannu layi ya yanke. Sunan ƴarsa a saƙon murya ya ji shi, bayan an shafa fatiha. Sai da ta yi wata 5 ya ɗauke ta, bayan ya kwana cikin kar ya ƙetare kogin Kwara a kwalekwale.

A wannan zuwan ne Alhaji ya kira shi zaure. Ya ce: «Yarona, in dai aikin nan yana yiwuwa daga ɗaki a Kwatano, ai yana yiwuwa daga ɗaki a Maraɗi. Me za ka zauna kana ciyar da mai gidan haya?» Akawu ya sunkuyar da kai ya ce: «Gaskiya ne, ranka ya daɗe.» Abin da bai faɗi ba shi ne, aikin da yake yiwuwa daga kowane ɗaki, kowane yaro mai ordinata yana iya karɓe shi, kuma Alhaji yana da ɗa da ya gama karatun lissafi. Zamansa a bakin teku, da sanin ƙofofin tashar da yake jiran ranar da za su sake amfani, shi ne kaɗai abin da ya fi wannan ɗan da shi.

Matarsa ba ta yi dogon zance ba. Ta ce: «Malam, yarinya ba ta san muryarka ba sai ta waya.»

Ya koma Kwatano da niyyar kwaso kayansa. Ɗan Kamaru ya tare shi da lissafi: in ya tashi, hayar ɗakinsa a kansu za ta faɗa har a samu wani. Ya ce su ba shi zuwa ƙarshen wata. Wata ya ƙare, ya ciro kaye daga ƙusa, ya ja layi, ya rubuta sunaye 4 a sabon shafi.