Gardamata da Kawu a Kan Korona

A watan Afrilun 2020, sa'ad da aka kulle Kano saboda korona, Kawu ya kira ni zaure, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kai ɗan jami'a, duba. Turawa sun yi rajistar mallakar wannan cuta tun 2018, kafin ta ɓulla a Wuhan."

Takardar kam ba ta jabu ba ce. Cibiyar Pirbright ta Ingila ce ta same ta, amma a kan wata korona mai kama kaji, wadda aka raunana domin rigakafi. Na ce, "Kawu, korona sunan dangi ne. Ta kaji daban, tamu daban."

Ya ce, "To, tamu daga ina?" Nan jikina ya yi sanyi, domin har yau masana na jayayya, ko kasuwar namun daji ce, ko ɗakin bincike. Sa'an nan ya tuna mini yaran da suka mutu lokacin gwajin maganin sanƙarau a Kano a 1996. Ban musa ba.

Da allurar rigakafi ta iso a 2021, a gabansa na miƙa damtsena. Ya ce zai ba ni wata uku ya gani.